Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Gudun Kewaya Dutsen Mont Blanc

Yau tarihin wani gudu muka ɗauko, gudun da aka fara a shekarar 2003 kusan kamar wasa, yanzu kuma sai mutum ya yi shekara biyu ko uku yana shiri kafin a ba shi damar tsayawa a layin tashi.

Duk shekara a ƙarshen watan Agusta, da yammacin wata Juma'a, mutum fiye da 2,000 daga ƙasashe daban-daban sukan cika dandalin da ke gaban cocin garin Chamonix, wanda ake furtawa Shamoni, a kudu maso gabashin Faransa. Da an sallame su sai su kama hanyar da ta kewaye Mont Blanc, wato Farin Dutse, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a jerin tsaunukan Alps. Ba sa hawa ƙololuwarsa, zagaye shi suke yi: su fita daga Faransa su faɗa Italiya, su ratsa Suwizalan, su dawo Shamoni inda suka tashi. Tsawon hanyar wajen kilomita 170 ne, kwatankwacin Kano zuwa Katsina, ko gudun famfalaki huɗu a jere. In aka tara hawan da ke cikinta zai kai mita 10,000, alhali Everest gaba ɗayansa mita 8,849 ne. Masu yawon shaƙatawa sukan yi mako guda zuwa kwana goma a kan wannan hanya, suna kwana a masaukai. Masu gudu kuwa wajen awa 46 da rabi ake ba su, dare da rana. Sunan gasar UTMB.

Wanda ya kalli hotunan gasar ƙarshen labari kawai zai gani, gwani yana shigowa gari jama'a na tafi. Mu abin da ya tsaya mana a rai shi ne jakar da ke goye a bayan kowane mai gudu, da takardun da ya tara kafin ya hau jirgi. Babu abin da aka wajabta a cikinsu haka siddan. Kowanne akwai abin da ya faru aka sa shi, wani lokacin kuma abin da ya farun asarar rai ce.

HANYAR TA GIRMI GUDUN

Makiyaya da fatake ne suka fara taka waɗannan hanyoyi tun ɗaruruwan shekaru. A 1760 wani masanin kimiyya ɗan birnin Jeniba, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa kyauta ga duk wanda ya gano hanyar hawa ƙololuwar Mont Blanc, shi kansa kuma ya kewaye dutsen a 1767. Sai ranar 8 ga Agusta 1786 mutum biyu 'yan Shamoni, Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard, suka kai sama. Daga nan ƙauyen ya zama matattarar masu hawan dutse, har ya karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na hunturu na farko a 1924.

Shi kuwa gudun mil 100 a kan tsauni, irin wanda aka sani yau, daga Amurka ya taso. A jihar Kalifoniya akwai wani tseren dawaki na mil 100, wato kilomita 160, da ake so a gama cikin awa 24. A 1974 wani matashi mai suna Gordy Ainsleigh, wanda dokinsa ya gurgunce a tseren shekarar da ta gabata, ya shiga da ƙafarsa, ya kuma gama cikin awa 23 da minti 42. Wannan ne mafarin gasar Western States, wadda sauran gasanni irinta suka yi koyi da ita.

SHEKARAR MUTUM 67

A 2003 wasu masu sha'awar gudu na Shamoni, cikinsu har da Michel Poletti da matarsa Catherine, suka ce bari su gwada irin wannan a kan tsohuwar hanyar kewaya dutsensu. Ba a nemi shaidar ƙwarewa daga kowa ba, wanda ya yi rajista ya shiga. Mutum fiye da 700 suka tashi. Sai aka yi rashin sa'a sama ta ɓaci, ga ruwa ga sanyi ga ƙanƙara. Mutum 67 kacal suka zagayo Shamoni da ƙafarsu. Wato a cikin kowane mutum goma, tara sun tsaya a hanya.

Don mu gane dalili, sai mu duba yanayin wurin. Shamoni tana kan tsayin mita 1,035. Mashigan tsaunin da ake ƙetarewa kuwa, irin su Col de la Seigne tsakanin Faransa da Italiya da Grand Col Ferret tsakanin Italiya da Suwizalan, sun haura mita 2,500. A duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Saboda haka wanda ya bar gari da 'yar shimi yana gumi, kafin ya kai sama ya rasa kusan digiri goma, ba a ma sa lissafin dare da iska da jiƙaƙƙen kaya ba. Ga shi a irin wannan tsayi iskar da ake shaƙa ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan ta bakin teku.

Wanda ya zo na ɗaya a wannan shekara shi ne Dawa Sherpa, haifaffen tsaunukan Nepal mazaunin Suwizalan, cikin awa 20 da minti 5. A ɓangaren mata Ba'amurkiya Krissy Moehl ce ta yi nasara. Mu riƙe asalin Dawa Sherpa, don za mu dawo kansa.

ƘOFAR MAKI DA ƘURI'A

Wahalar da aka sha a 2003 ba ta kori mutane ba, sai ma ta zama talla. Kafin a jima masu neman shiga sun fi ƙarfin hanyar. A 2007 aka fara sharɗanta cewa sai mutum ya gama wasu gasanni ya tara maki, don a tabbatar ya taɓa ɗanɗana doguwar tafiya a kan dutse. Duk da haka a 2008 guraben gasannin makon suka ƙare cikin minti takwas da buɗe rajista a intanet. Daga 2009 aka ƙara da ƙuri'a: ko ka cika maki, sai sunanka ya fito.

A 2021 masu gasar suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Ironman, suka kafa jerin gasanni a faɗin duniya da suka fara aiki a 2022. Tun daga nan tikitin shiga ƙuri'a ya koma abin da suke kira duwatsun gudu, waɗanda ba a samu sai a gasannin wannan jeri. Wanda ya gama gudun ajin kilomita 20 yana samun dutse ɗaya, na 50 biyu, na 100 uku, na mil 100 huɗu. Kowane dutse takarda ɗaya ce a cikin akwatin ƙuri'a. Wannan tsari ya jawo surutu har daga bakin wasu manyan masu gudu, domin ya mayar da shiri ya zama tafiye-tafiye: mai son zuwa Shamoni sai ya fara zuwa wata ƙasa neman dutse, ya biya rajista da jirgi da masauki, ba tare da tabbacin sunansa zai fito ba.

ABIN DA KE CIKIN JAKA

Ƙofa ta biyu ita ce jakar baya. Dokar UTMB ta wajabta wa kowa ya ɗauki rigar ruwa mai hula da wandon ruwa, rigar sanyi mai dogon hannu, hular sanyi, safar hannu, tocilan biyu da batir na ajiya, bargon leda mai ƙyalli da ke tsare ɗumin jiki, usur na neman agaji, bandeji, guzurin abinci, ruwa aƙalla lita ɗaya, kofi, wayar da za ta yi aiki a ƙasashen uku, da katin shaida ko fasfo tunda iyakoki ake tsallakawa. Akwai ƙarin kaya da ake sanarwa in an hango tsananin zafi ko tsananin sanyi. Ana iya tsayar da mutum a kowane zango a ce ya zazzage jaka, wanda aka samu da giɓi kuma a ci shi tarar lokaci ko a fitar da shi. Haka nan dole mutum ya mallaki inshorar da za ta biya kuɗin ceto, domin jirgi mai saukar ungulu ba a banza yake tashi ba.

Mai neman sauri yakan ga wannan kaya nauyi ne. Amma a watan Yulin 2008 dusar ƙanƙara ta rutsa masu gudu a dutsen Zugspitze na iyakar Jamus da Ostiriya, mutum biyu suka mutu. A watan Yunin 2009 mutum uku suka rasu a wata gasa a tsaunukan Mercantour na Faransa bayan yanayi ya juya musu. Masu UTMB kansu sun tsayar da gudun 2010 'yan awanni da farawa saboda ruwa da zaizayar ƙasa a kan hanya, a 2012 kuma suka rage shi zuwa wajen kilomita 100, suka hana shi fita daga Faransa. Mutanen da suka zo daga nesa sun ji haushi, amma kowa ya koma gida.

Abin da ya fi kowanne muni ya faru ne a ƙasar Sin, ranar 22 ga Mayu 2021, a wani gudun kilomita 100 da aka yi a lardin Gansu. Mutum 172 suka tashi da safe, mafi yawansu da gajeren wando da 'yar riga. A wannan gasa shawara kawai aka bayar game da rigar kariya daga iska, ba a wajabta ta ba, da yawa kuma sun tura kayan sanyinsu gaba zuwa wani zango da suke sa ran isa kafin dare. Wajen tsakar rana, suna cikin wani hawa mai tsini da mota ba ta kaiwa, sai guguwa ta taso da ruwan ƙanƙara. Ɗumin jikinsu ya zube, wasu suka ɓace hanya, wasu suka faɗi ba su ƙara tashi ba. Mutum 21 suka mutu, cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar. Yawancin waɗanda ke kan gaba ne abin ya ci, domin saurinsu ya kai su sama daidai lokacin da yanayin ya fi muni. Wani makiyayi mai suna Zhu Keming ya ceci mutum shida, ya shigar da su kogon da yake fakewa, ya hura musu wuta. Bayan wannan hukumomin ƙasar suka dakatar da irin waɗannan gasanni na wani lokaci.

Kada a ɗauka jaka tana kawar da kowane haɗari. Wata uku bayan abin da ya faru a Gansu, a makon UTMB na 2021, wani ɗan ƙasar Cek ya faɗo daga wani wuri mai santsi cikin dare a gasar TDS, ɗaya daga cikin gasannin makon, ya rasu. Abin da jaka take yi shi ne ta ba wanda ya kasa motsi a kan dutse 'yan awannin da masu ceto za su iso su same shi da rai.

DUTSE YA SAN 'YA'YANSA

Mu koma ga Dawa Sherpa. In muka bi jerin mazan da suka ci gasar a shekaru ashirin na farko, za mu ga mafi yawansu mutanen tsauni ne. Marco Olmo ɗan Italiya, mai tuƙa motar haƙa a ma'aikatar fasa dutse, ya ci a 2006 da 2007, nasararsa ta biyu yana da shekara 58. Shekarar da ta biyo baya sai ga Kilian Jornet ɗan Sifaniya ya ci yana da shekara 20, yaron da ya tashi a wani masaukin matafiya a kan tsaunukan Pyrenees inda mahaifinsa ke aiki. Ya sake ci a 2009 da 2011 da 2022. François D'Haene na Faransa shi ma sau huɗu ya ci. Tsakanin dattijon da matashin akwai shekara kusan 40, abin da ya haɗa su shi ne ƙafar da ta saba da hawa da gangara.

Gangarar ma ta fi hawan ɓarna. Duk mitar da aka hau sai an sauko ta, kuma a gangara naman cinya ne ke taka wa jiki birki a kowane taku. Wanda bai horar da cinyarsa a kan dogayen gangare ba, kafin ya kai Suwizalan za ta sandare. Ga ciki da yakan ƙi karɓar abinci bayan awa goma sha wani abu ana gudu, ga barci, domin yawancin masu gudun dare biyu suke kwana a hanya. Shi ya sa har yau, da duk tacewar da ake yi, wajen mutum ɗaya cikin uku ba ya gamawa.

Labarin Jim Walmsley na Amurka ya isa misali. A gida ba shi da na biyu, ya kafa tarihi a Western States a 2019 da awa 14 da minti 9. Amma a Shamoni ya zo na biyar a 2017, ya janye a 2018, ya sake janyewa a 2021. Maimakon ya ci gaba da zuwa baƙunta, a 2022 sai ya tattara ya koma ƙauyen Arêches a tsaunukan Faransa da zama, kusa da D'Haene. Ya koyi dogon hawa da sanduna, ya yi hunturu a cikin dusar ƙanƙara, ya saba da sanyin dare. A shekarar ya daɗe yana kan gaba kafin ƙarfinsa ya ƙare, ya zo na huɗu. A 2023 ya yi nasara cikin awa 19 da minti 37, ya zama namiji Ba'amurke na farko da ya ci gasar. Matan ƙasarsa sun riga shi da nisa, tun daga Krissy Moehl har zuwa Courtney Dauwalter, wadda ta ci a 2019 da 2021 da 2023, a 2021 ma maza shida kaɗai suka riga ta isowa.

Ba kowa ne zai iya yin ƙaura saboda gudu ba. Abin da talakawan masu gudu suka koya daga irin wannan shi ne su yi watanni suna neman tudu ko matakalar bene, su yi atisaye da dare da cikakkiyar jaka a baya, su gwada abincin da cikinsu zai karɓa, su isa Shamoni da 'yan kwanaki a hannu don jiki ya huta. Takalmi da kayan dole a jakar hannu suke shiga jirgi, don kada akwati ya ɓace a hanya, kuma ba a sa sabon takalmi ranar gudu.

ƘOFAR DA BA TA CIKIN DOKAR GASA

Akwai ƙofa ta uku da ɗan Turai ba ya ma lura da ita. Faransa da Italiya da Suwizalan duk suna cikin yankin Shengen, saboda haka biza ɗaya ta wadatar. Sai dai samunta ga mai fasfon Najeriya ko Nijar aiki ne. Sakamakon ƙuri'a yakan fito a watan Janairu, ba a karɓar takardar neman biza sai ya rage wata shida ko ƙasa da haka a yi tafiya, kuɗinta Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, ana kuma neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da shaidar masauki da ta kuɗin guzuri. Najeriya na cikin ƙasashen da ake yawan hana 'ya'yansu wannan biza. Kafin a san amsa kuwa mutum ya riga ya biya ɗaruruwan Yuro na rajista, ya kama ɗaki a garin da masaukansa ke cika tun da sauran watanni. In an dace, sai jirgi zuwa Jeniba, daga nan tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota zuwa Shamoni.

Daga 2003 zuwa 2024 babu ɗan Afirka, namiji ko mace, da ya ci babban gudun UTMB. Duk wanda ya san yadda 'yan Kenya da Habasha suka mamaye gudun famfalaki ya san ba ƙafa aka rasa ba. A gajerun gasannin tsauni masu kyautar kuɗi, irin Sierre-Zinal ta Suwizalan, 'yan Kenya sun sha yin nasara. Gudun tsauni kuma ba baƙo ba ne a yankinmu. Tun 1973 ake tseren hawa Dutsen Kamaru daga garin Buea, dutsen da ya haura mita 4,000, inda Sarah Etonge ta ci sau bakwai har ake kiranta Sarauniyar Dutse. A Najeriya an fara tseren tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba a 2005. Amma gasannin da ke ba da duwatsun ƙuri'a 'yan ƙalilan ne a nahiyar, kamar wadda ake yi a garin George na Afirka ta Kudu. Matashin Filato ko Mambila da ya ƙware a hawa sai ya nemi biza biyu da tikitin jirgi biyu kafin ya ga layin tashi. Ko wajen atisaye akwai giɓi, domin Chappal Waddi ta jihar Taraba, ƙololuwar da ta fi kowacce tsayi a Najeriya, mita 2,419 ce, ba ta kai Grand Col Ferret ba, dusar ƙanƙara kuwa sai a talabijin.

Wannan ba ya nufin hanyar a rufe take. Tarihin da muka bi ya nuna jerin matakan ne kawai: a fara da gajeren gudu a tudun da ke kusa, a ƙara tsawo shekara bayan shekara, a koyi dare da ruwa da sanyi, a tanadi kaya da takardu da kuɗi tun da wuri. A 2003 mutum 700 da ɗoriya sun isa gindin dutsen da zuciya kawai, 67 suka dawo da ƙafarsu. A Gansu wasu sun tura rigunansu gaba don su rage nauyi, ba su kai inda rigunan suke ba. Magabata sun riga sun faɗa mana, ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna so mu ji daga gare ku, musamman 'yan uwa na Jos da Gembu da Buea: wa ya taɓa shiga ko kallon tseren tsauni, kuma wane shiri ya ga ana yi? Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.